Ƙugiyar da ta kashe Fansho

Na san ba ku jin daɗi idan an kira ku 'ya'yan Ndagi Mai Kare. Amina ta taɓa dawowa daga makaranta da kuka saboda sunan nan, Isa kuma ya yi dambe a kansa har aka yaga masa riga. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku inda sunan ya samo asali ba, domin a lokacin kuna ƙanana, ni kuma bakina yana da nauyi idan maganar kaina ce. Yanzu da Allah ya nufa hannuna ya saba da biro, gara in rubuta muku da kaina kafin ku ji a bakin waɗanda ba a gabansu aka yi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, ina buga bulo a filin da ke bayan gidanmu na Maikunkele, inda shagon walda yake yanzu. Ina da tanki babba, kuma kowace safiya kafin rana ta ɗaga sai in bi layin bulo ina ba su ruwa, don bulon da bai sha ruwa ba da hannu ma ana marmashe shi. Daga tankin nan ne nake cika durom biyu na alwala a masallacin unguwa. Ba wanda ya sa ni. Tun shekarar da na auri mamanku nake yi, kuma ina jin daɗin abin fiye da yadda nake nunawa. A shekarar ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna, saboda na gaji da dangwala yatsa a takardar da ban san abin da ke cikinta ba.

Malaminmu Malam Yohanna ne, tsohon hedimasta, mutumin kudancin Kaduna wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a Minna. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, Rifkatu, tana aure a Kafanchan. Daga shi sai wani jan kare mai farin ƙirji a gidan hayarsa. Sunan karen Fansho. Malam ya ce ya sa masa sunan ne domin ya samu Fansho ɗaya a duniya wanda idan an kira shi yake zuwa. Karen yakan rako shi aji, ya kwanta a bakin ƙofa, mu Musulmin ajin mu tattare riguna idan za mu wuce.

Abin da ya fi ba ni wuya a karatun shi ne baƙaƙe masu ƙugiya. Ni Banufe ne, iyayena daga Bida suka zo, kuma Hausar da na tashi da ita a kasuwa da tasha ba ta san ƙugiya ba. Malam yakan tsaya a kaina ya sa yatsa a littafina.

"Ndagi, ina ƙugiyar wannan? Ka manta da ita a Bida?"

"Malam, ai kai ma ba ka faɗinta. Jiya cewa ka yi mu rufe kofa."

"Bakina ya tsufa, ba ya gyaruwa. Hannunka kuwa jariri ne. Sa mata ƙugiya."

Har na kai ga tsoron kowane k da na rubuta. Sai in dube shi in ga kamar tsirara yake.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara. Kun san zafin garin nan idan ya kama: ruwan buta ya koma kamar na shayi, kwalta ta yi laushi, kaji su buɗe baki su saki fukafukai. Cikin wannan zafin ne Malam Yohanna ya yanke jiki ya faɗi a coci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Bayan 'yan kwanaki a asibiti Rifkatu ta zo ta tafi da shi Kafanchan. Labarin ya iso mana a makare. Ranar da na ji, bayan azahar na taka zuwa gidansa ko zan sami wanda zai ba ni lambar 'yar, domin wayar Malam a kashe take.

Ban sami kowa ba. Ɗan hayar da aka bar wa amanar karen ya yi tafiya. Na juya zan fita sai na ji wani numfashi a bayan ɗaki kamar ana zuga zugazugi. Fansho ne, an ɗaure shi da sarƙa a ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano wadda ko tsawon ƙuguna ba ta kai ba. An bar masa ruwa a roba, amma sarƙar ta kifar da robar, ƙasar wurin ma ta bushe. Yana kwance a gefe guda, harshe a waje ya yi ja wur, yawu ya yi kauri, ido a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Da na taɓa sarƙar sai da na janye hannu.

Gaskiya zan faɗa muku, na daɗe a tsaye. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa hannu a jikin kare ba. Amma ina da azumi a bakina, maƙogwarona ya bushe, kuma na san ni idan an kira magariba zan sha. Shi ba wanda zai kira masa magariba. Na koma gida da sassarfa na ɗauko baro da buhu, na kwance shi, na ciccibe shi na sa a ciki.

Mamanku tana tankaɗe a bakin zaure lokacin da na turo baron.

"Baban Amina, me nake gani haka?"

"Karen Malam ne."

"Na ga kare ne, ai ban ce rago ba ne. Ina za ka da shi da azumi a bakinka?"

"Wajen bulo. Mutuwa zai yi."

Ta leƙa cikin baron, sannan ta gyara mayafinta.

"Ba zai shigar mini tsakar gida ba. Kuma kwanona ko na shara ne ba zai lasa ba."

"Na ji."

"Na ji ɗin nan taka ita ta sa muke da agwagin mutane wata huɗu."

Na shimfiɗe shi a tsakanin layi biyu na bulon da na ba ruwa da safe, a ƙarƙashin mangwaro, inda ƙasa take da danshi. Akwai ƙanƙarar da mamanku ta saya ta buɗa baki, har na yi niyyar roƙonta in fasa a jikinsa, sai na tuna da wani likitan dabbobi da yake sayen bulo a wurina. Na kira shi. Allah ya taimake ni da na kira, domin cewa ya yi kada in kuskura in sa ƙanƙara. Ruwan tanki ya isa, in riƙa jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa, in yi masa fifita, kuma kada in ɗura masa ruwa a baki, in ajiye kusa da shi har ya lasa da kansa. Ya ce kare ba ya gumi kamar mutum, da harshe yake fitar da zafi, shi ya sa rumfar kwano take zame masa tanda. Haka na zauna ina jiƙawa ina fifita da kwalin siminti. Da la'asar likitan ya zo da kansa ya yi masa allura. Dab da magariba Fansho ya ɗaga kai ya lashi ruwa sau uku. Shi ya riga ni buɗa baki a ranar.

Kwana biyu bayan haka Baba Ladan ya tare ni a ƙofar masallaci. Dattijo ne mai tsabta ƙwarai, kuma ba mugu ba ne, kada ku riƙe shi a rai.

"Ndagi, an ce ka buɗe asibitin karnuka."

"Guda ɗaya ne, Baba, kuma amana ce."

"Daga tankin da kake cika mana durom kake yi masa wanka?"

"Da bokitinsa daban. Bakinsa bai taɓa zuwa kusa da tanki ba."

"Kai ka sani, ni ban sani ba. Mutane suna alwala da waswasi. Ka zaɓi ɗaya."

Maganar ta kai gaban Liman. Liman ya ce shayar da mai rai lada ne ko wane iri ne, kuma ruwan tanki bai ɓaci ba tun da karen bai sa baki a ciki ba. Amma ya ce zukatan jama'a ma abin kiyayewa ne. Ma'ana dai ya bar ni da zaɓin da Baba Ladan ya ba ni. Na yi tunanin inda zan kai karen, ban samu ba. Gidan Malam a kulle, 'yan cocinsu da na sani duk a ɗakin haya suke, kuma idan na sake shi a titi cikin wannan rana, ko kwana uku ba zai yi ba. Washegari ban kai ruwa ba. Na ga 'yan ga-ruwa suna juye jarkoki a durom ɗin da na saba cikawa, na wuce na yi alwala da ruwan kamar kowa. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, kuma har yau ba a mayar mini da aikin ba. A makon ne wani ya ce Ndagi Mai Kare a majalisar mai shayi, aka yi dariya, sunan ya zauna.

Sauran abin da na sani game da riƙon kare a bazara, Fansho ne ya koya mini. Na gane ruwan roba yana zafi kafin azahar, na saya masa kaskon ƙasa. Na gane jiƙaƙƙen buhu a ƙarƙashinsa ake shimfiɗawa, idan an lulluɓe shi da shi zafin ne yake komawa ciki. Na daina sa masa sarƙa, na ɗaura doguwar igiya yadda zai bi inuwa duk inda ta juya. Yawo kuwa sai bayan asuba, kuma kafin mu hau kwalta sai na ɗora bayan hannuna a ƙasa; abin da hannuna bai jure ba, tafin ƙafarsa ba zai jure ba. Ya haƙa rami a yashin da nake aiki da shi, na bar masa. Ya taka mini ɗanyen bulo ba sau ɗaya ba, har akwai wani gida a Beji da sawunsa yake cikin bango. Duk karnukan da kuka tashi kuka gani a filin nan, waɗanda aka tsinta a kwata ko a bola aka kawo mini, na riƙe su har suka sami mai gona ko mai gadi da zai ɗauka, da wannan ilimin na riƙe su.

Da Fansho ya murmure sai na so Malam ya sani. Na ji cewa ba ya iya magana sosai amma yana karatu, kuma akwai wani direba ɗan cocinsu da yake zuwa Kafanchan. Na ce to, wasiƙata ta farko a duniya Malam zan rubuta wa. Na ɓoye wa mamanku, domin ita Bahaushiyar Kontagora ce, ta yi firamare, kuma na san za ta karɓe biron ta ce in kawo ta yi mini. Yini biyu na yi a kan layi huɗu. Na fara a littafin aji, ina so in ce na kare masa karensa daga halaka. Da na rubuta sai na ga kalma biyu iri ɗaya a jere, kare da kare. Na ce ai ba zai yiwu ba, dole ɗaya tana da ƙugiya, ga shi Malam kullum faɗa yake yi mini a kanta. Na faɗe su da baki, bakina ya ba ni abu ɗaya. Kare dabba na san ba shi da ƙugiya, domin na gan shi a littafi da hotonsa. Saboda haka na ɗora wa ɗayar, na lanƙwasa ta da kyau yadda Malam zai ji daɗi. Ga abin da na kwafe a farar takarda:

"Malam barka da jiki. Na ƙare karenka. Yanzu ya huta da zafi. Yana kwance a ƙarƙashin mangwaro, kada ka damu."

Na liƙe ambulan, na kai wa direba a tasha, na dawo ina jin kaina kamar wani akawu.

Sai bayan salla da mako biyu amsa ta zo. Rubutun a karkace, da hannun hagu aka yi shi. Na zauna a kan bulo ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, Fansho yana kwance kusa da ƙafata yana cizon ƙwallon mangwaro.

"Ndagi, na ga takardarka. Rubutunka ya yi kyau. Na yi kuka, amma na san ba da mugunta ka yi ba. Wataƙila ka ga yana wahala ne. Na gode da ka binne shi a inuwa. Ga lambar Rifkatu a ƙasa."

Na karanta sau uku. Na dubi karen, na dubi takardar. Na ce ko ciwon ya taɓa wa Malam kai ne. Dole na shiga gida na miƙa wa mamanku. Ta karanta, ta ɗaga kai.

"Me ka rubuta masa?"

"Cewa na yi na kare shi."

"Kawo littafin da ka fara rubutawa a ciki."

Na kawo. Ta duba, ta sa bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Sai da ta zauna a kan turmi.

"Baban Amina, ka kashe karen mutane da biro."

"Kamar yaya?"

"Kare shi ka yi, ko ƙare shi ka yi?"

"Ai duk ɗaya ne."

"A bakinka ɗaya ne. Saurara." Ta sake faɗa a hankali, na farkon a sake, na biyun kamar abu ya maƙale mata a wuya. "Wannan ka tsare shi. Wannan kuwa ka gama da shi. Kuma don kada ya yi shakka ka ƙara masa da ya huta, yana kwance a gindin mangwaro."

Ni ban yi dariya ba a lokacin. Abin da nake gani shi ne tsoho mara lafiya, wanda ba ya iya buɗe baki ya yi tambaya, ya yi makonni yana makokin abin da ke nan da rai yana ɓata mini yashi. Kuma duk da haka sai da ya yaba rubutuna.

Na fita wajen bulo na kira lambar. Rifkatu ta ɗauka, da na faɗi sunana muryarta ta yi sanyi.

"Baba Ndagi, mun ga saƙo. Da ka sani da ba ka rubuta masa ba. Kwana uku bai ci abinci ba."

"'Yata, karen yana nan da ransa. Ƙugiya ce."

"Ƙugiya ce ta kama shi?"

"A'a. Don Allah kai wa Malam wayar."

Na ji takunta, na ji tana cewa Baba, ga ɗalibinka. Na buɗe muryar wayar yadda za a ji, na durƙusa kusa da Fansho.

"Malam, ni ne. Kuskuren rubutu ne. Kira shi ka ji."

Sai wata murya mai nauyi, wadda da ƙyar na gane, ta ce, "Fan... sho."

Karen ya saki ƙwallon mangwaro. Kunnuwansa suka miƙe. Ya zagaya ni, ya leƙa bayan bulo, ya dawo ya tsaya a kan wayar yana wani kuka siriri, sannan ya ɓarke da haushi har agwagin maƙwabta suka watse. A ɗaya ɓangaren na ji wani sauti da ban san ko kuka ne ko dariya ba. Rifkatu ta ce duka biyun ne.

Fansho ya zauna a wurina har ruwa ya sauka, ciyawa ta fito a gefen hanya. Malam ba zai iya komawa aji ba, saboda haka Rifkatu ta zo da motar haya ta kwashe kayansa, shi ma ya matsa sai da aka zo da shi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka tsaya a filin bulo. Ba zan iya rubuta muku yadda karen ya yi ba, hannuna bai kai nan ba tukuna. Malam ya rame, yana dogara sanda. Ya kama hannuna da hagunsa ya daɗe bai saki ba. Na kwance igiyar na miƙa wa Rifkatu. Raina bai so ba, amma amana ba ta zama taka don ka daɗe da ita.

Direba ya buɗe bayan mota zai tura karen tsakanin katifa da buhunan littattafai. Sai ga mamanku ta fito daga zaure da sabon kasko a hannu, wanda ban san lokacin da ta saya ba.

"Ungo, Rifkatu. A nan za ki riƙa zuba masa ruwa, ban da roba. Kuma kada in ji an ɗaure shi a ƙarƙashin kwano. Tuwon da ya kwana ya fi so, amma ban da yaji."

"Mama, ashe kin saba da shi."

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Ko jelarsa ban taɓa taɓawa ba. Ba na dai so a ce daga gidana ya fita ya lalace." Ta juya wajen direba. "Kai kuma a cikin wannan akwatin ƙarfen za ka rufe shi da tsakar rana?"

"Hajiya, ai damina ce."

"Damina a sama. Sa hannunka a jikin motar ka ji."

Ya sa, ya janye.

"Ba inda za ku yau. Ku kwana, ku yi sammako, shi kuma a ba shi kujerar baya kusa da taga."

Direba ya dube ni ko zan ce wani abu. Ni da na shekara ashirin da ita na san ba a cewa komai. Haka motar ta yini a gindin mangwaro, direba yana ƙunƙuni yana cin tuwon mamanku, ni ina ba bulon yamma ruwa a hankali don kada in yi motsi, Malam Yohanna a kan tabarma da Fansho a raminsa suna barci a inuwa ɗaya.